Waƙoƙin Marigayi Maigidanmu: Mu Ci Gaba da Yi ko Mu Daina?

Tambaya: Barista, ni makaɗin kalangu ne, na daɗe ina bin wani mawaƙi har Allah Ya yi masa rasuwa. Mu da muka rage cikin tsofaffin yaransa, makaɗa da 'yan amshi, sai muka haɗa kai da wasu samari muna rera waƙoƙinsa a wurin biki da suna, kuma da sunansa ake gayyatarmu. Yanzu babban ɗansa ya aiko cewa ko mu daina ko mu riƙa biya, har ya sa an sauke bidiyonmu daga Facebook. Mu da muka sha rana da raɓa tare da mahaifinsa, ba mu da haƙƙi ke nan?

Amsa: Baba, Allah Ya jiƙan maigidanku, ku kuma Ya ƙara muku lafiya. Kuna da haƙƙi, amma ɗan nan ma yana da gaskiyarsa.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗauki waƙa a matsayin dukiya da ake gada. Baituka da karin waƙar na wanda ya ƙirƙira ne, kuma kariyar ba ta faɗuwa sai shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Alhaji Mamman Shata, alal misali, ya rasu a 1999, don haka waƙoƙinsa na hannun magada har ƙarshen 2069. Ku lissafa na maigidanku haka. Rera waƙar a gaban jama'a, ɗaukarta, ko ɗora ta a intanet, duk sai da izini, kuma dokar ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke abin da aka ɗora ba da yardarsa ba.

Sai dai babban ɗa ba shi kaɗai ne magaji ba. Idan ba a raba gadon ba, ko ba a naɗa shi wakili ba, matan marigayin da sauran 'ya'yansa, maza da mata, kowa na da rabonsa. Kada ku miƙa kuɗi ga mutum ɗaya gobe wani ya taso. Ku nemi ganin takardar wakilci. Ku kuma bincika ko marigayin ya taɓa sayar da wasu waƙoƙin ga kamfanin faifai ko kaset, domin sayar da haƙƙi sai a rubuce yake tabbata.

Yanzu ga naku, wanda ya fi damuna, domin tsofaffin makaɗa da yawa sukan rasu ba su san suna da shi ba. Duk wanda ya ga yadda ake haɗa waƙar baka ya san ba a ɗaki ake rubuta ta ba. Maigida ya jefa baiti, ɗan amshi ya gyara masa gaɓa, mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata ya fitar da sautin da daga baya ya zama amshin waƙar. Idan akwai waƙar da gudummawarku ta shiga cikinta har ba a iya rabewa, doka na iya ɗaukarku abokan ƙirƙira. Amma bin amshin da aka koya muku kawai bai kai nan ba, kuma hujja ake nema: tsohon kaset, hirar rediyo da marigayin ya ambaci wanda ya kawo kari, ko shaidar waɗanda suke wurin. Ku zauna tun kuna da rai a ɗauki bayaninku waƙa bayan waƙa. Ban da wannan, kuna da haƙƙin masu wasa a kan kiɗa da muryarku da aka ɗauka, na tsawon shekara 50, gwargwadon yarjejeniyar da aka yi lokacin ɗaukar. Kiɗan gargajiya da kowa ya tarar, da kirari da karin magana, ba mallakin gidan kowa ba ne.

Sunan marigayin kuwa, a yi hattara. Ku ce ku tsofaffin yaransa ne masu raya waƙoƙinsa, gaskiya ce. Amma kada tallarku ta sa a zaci iyalansa ne suka kafa ƙungiyar. Ku zaɓi sunanku, ku yi masa rajista a hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, wato CAC.

Shari'ar haƙƙin mallaka Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronta, kuma tana cin kuɗi da lokaci. Ban ba ku shawarar farawa daga can ba. Ku nemi dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ko Sarkin Makaɗa, a zauna da magada gaba ɗaya. A rubuta waƙoƙin da aka yarje muku, na tsawon wane lokaci, kaso nawa za ku ba su daga kuɗin gayyata, ko kuɗin liƙi ma na cikin lissafin, da wanda zai karɓi kuɗin YouTube. A sa sharaɗin ambaton sunan marigayin a kowane wasa, kuma samarinku su daina cusa sunayen sababbin iyayen gida cikin baitukansa sai da amincewa. Idan an kasa daidaitawa, ku kai maganar ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Kafin a sa hannu, ku dakata da ɗora bidiyo, kuma ku kai wa lauya daftarin ya karanta muku da Hausa.