Amsa ga Yaya: Kukan da Ka Gani Kan Wurin Wasa

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Na ga bidiyon da ka turo, na kuma saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ga ƙaton mutum mai furfura yana sharɓar hawaye don za a rufe wani lilo, ka tambaya ko lafiyar mutanen nan ƙalau, sannan ka ƙara da wadda ta fi taɓa ni: wai da gaske ne mu ma ranar Sallah can muke kwasar yara? Amsar ba ta shiga saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bari in fara da wurin kansa, don kalmar lilo tana rage masa girma. Abin da ake kira Disney World a nan kusa da Orlando fili ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 100, da manyan wuraren wasa huɗu a ciki, da otal-otal, da tituna, da tafkuna, da jiragen ƙasa nasa. An buɗe na farko, Magic Kingdom, ranar 1 ga Oktoban 1971. Mai ainihin tunanin, Walt Disney, bai ga buɗewar ba, ya rasu a 1966, yayansa Roy ne ya ƙarasa aikin. Kafin nan akwai na Kalifoniya tun 1955. Ka lissafa da kanka: wanda aka kawo yana ɗan shekara shida a 1971, yau kaka ne. Mahaifinsa ya saɓa shi a kafaɗa a wurin, shi ma ya saɓa nasa ɗan, yanzu jika yake turawa a keke.

Nan ne bakin zaren. Mu idan kewa ta kama mu muna da inda za mu koma. Akwai zauren gidan Baba, akwai masallacin unguwa, akwai maƙwabtan da suka san sunan kakanmu. Yawancin mutanen da nake zaune da su a Fulorida ba su da irin wannan. An haifi mutum a wata jiha, ya yi karatu a wata, aiki ya kai shi ta uku, gidan da ya girma a ciki an sayar tun tuni, iyaye sun rabu ko sun rasu, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa. Wuri ɗaya da ya rage kamar yadda ya bar shi, da ƙamshinsa da kiɗansa da bencin da mahaifiyarsa ta zauna, shi ne wannan wurin wasa. Maƙwabciyata, wata dattijuwa ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta taɓa nuna mini hotuna uku da aka ɗauka a gindin gini ɗaya: ita da mahaifinta, ita da ɗanta, sai ita da jikarta. Mahaifin ya rasu, ɗan yana wata jiha mai nisa. Ginin ne kawai bai motsa ba. Abin ya kai har jaridun nan sun sha ba da labarin masu shigowa a ɓoye da tokar mamatansu, irin waɗanda ake ƙonawa, su watsa a cikin wurin, duk da an haramta hakan kuma ana korar wanda aka kama. Ni a matsayina na Musulma tsigar jikina tashi take idan na tuna, amma ya nuna maka inda suka ajiye wurin a zuciyarsu.

Wanda ka gani a bidiyon kuwa, Splash Mountain ne. Kwale-kwale ne mai siffar gungumen itace, ya zaga da kai cikin kogo ana waƙe-waƙe, a ƙarshe ya sulmiyo da kai daga tsayin kusan mita 15 cikin ruwa. Tun 1992 yake aiki a nan. An rufe shi a Janairun 2023, kuma a ranar ƙarshe mutane sun tsaya a layi sama da awa uku don su yi hawan bankwana. Wasu har ɗibar ruwan suka yi a kwalba suna tallarsa a eBay, wata kasuwar intanet.

Dalilin rufewar shi ne ya raba kan jama'a. An gina labarin lilon ne a kan wani tsohon fim na 1946, Song of the South, wanda baƙaƙen Amurka suka daɗe suna ƙorafi a kansa saboda yadda ya nuna rayuwar baƙaƙe a gonakin Kudu kamar zaman daɗi, alhali kowa ya san abin da aka yi wa kakanninsu a gonakin. Kamfanin da kansa ya daɗe da ɓoye fim ɗin. A Yunin 2020, makonni kaɗan bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, aka sanar za a sauya lilon a ba shi labarin Tiana, baƙar gimbiya ta farko a finafinan kamfanin. Sabon ya buɗe a Yunin 2024. Masu adawa suka ce yawancin masu hawa ba su ma san fim ɗin ba, zomo da dila kawai suke gani, don me za a rushe musu yarintarsu? Masu goyon baya suka ce rashin sani ba ya wanke tushe.

A wannan, Yaya, ina da ɓangare, kuma ba zan ɓoye ba. Ina da 'ya'ya mata baƙaƙe da suke girma a ƙasar nan. Ranar da na ga autata ta tsaya tana kallon hoton mace mai launin fatarta a saman babban lilo, ba a matsayin baiwa ko mai aikin gida ba, na san sauyin ya yi amfani. Amma hakan bai sa na raina hawayen mutumin bidiyonka ba. Ba lallai fim ɗin yake wa kuka ba. Mai yiwuwa wanda ya riƙe masa hannu a kwale-kwalen ne ba ya duniya.

Kuma ba yau aka fara ba. A 1998, da za a rufe wani tsohon lilo mai suna Mr. Toad's Wild Ride, masoyansa sun yi ta taruwa a wurin sanye da riguna iri ɗaya suna roƙon a bar shi, aka rufe duk da haka. EPCOT, ɗaya daga cikin manyan wuraren wasa huɗun, wanda aka buɗe a 1982 don nuna kimiyya da al'adun ƙasashe, tsofaffin masoyansa suna ƙorafin an mayar da shi dandalin tallar finafinai. Na baya-bayan nan shi ne kogin da ke tsakiyar Magic Kingdom, da tsibirinsa da babban jirgin ruwansa mai tururi. An rufe su a Yulin 2025 don a cike wurin a gina wasan motoci. Wannan ya yi wa mutane ciwo sosai, ni ma har da ni, don nan ne wuri mai inuwa da shiru da tsoho zai zauna ya huta ba tare da an tura shi layi ba. Duk lokacin da irin wannan ta taso, ɓangarorin biyu maganar Walt Disney suke jawowa. Waɗannan su ce ai shi ya faɗa cewa wurinsa na Kalifoniya ba zai taɓa kammaluwa ba, kullum cikin sauyi zai kasance. Waɗancan su ce da yana raye da bai yarda a cike kogi ba. Kowa na jan mamaci zuwa ɓangarensa.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce ainihin gyambon. A 1971 kuɗin shigar babba dala 3 da rabi ne, sai ka sayi tikitin hawa daban. A 2025 tikitin yini ɗaya ya haura dala 100, a ranakun cunkoso yana dosar 200, mutum ɗaya, ban da abinci da wurin ajiye mota. Tun 1999 akwai wani tsari, FastPass, da kowa zai karɓi lokacinsa kyauta ya dawo ya hau ba tare da dogon layi ba. A 2021 aka soke shi aka kawo na biya. Motar da ke ɗauko baƙin otal kyauta daga filin jirgi ita ma aka daina a farkon 2022. Ka ga yanzu layi biyu ne, mai hali ya wuce, marar hali yana tsaye cikin rana da yaransa suna kallo. Fushin masoya a lokacin ya fi sauka kan shugaban kamfanin, Bob Chapek, kuma da aka sauke shi a Nuwamban 2022 aka dawo da Bob Iger, sai ka ce Sallah ake yi a wasu gidajen. Farashi dai bai sauko ba.

Abin da ke ba ni tausayi game da su shi ne, sun ɗauki wurin gidan gado, amma a takarda ba su da ko taku ɗaya a ciki. Na kamfani ne, kuma kamfani masu hannun jari yake saurare. Ka tuna yadda ranka ya ɓaci a 2010 da aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano don faɗaɗa titi? Ka ce mini an gina sabuwa amma ba ita ba ce. Na san ba ɗaya ba ne, ƙofa ce mai ɗaruruwan shekaru da tarihin gari a jikinta, wannan kuwa kasuwa ce tun ranar da aka kafa ta. Amma zafin da ke ƙirjin mutum idan ya zo wucewa bai ga abin da ya saba gani ba, iri ɗaya ne.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. E, muna zuwa, amma ba kowa ba, kuma ba kamar yadda kake zato ba. Hausawan da ke wannan yanki ba mu da yawa, mun san juna, kuma da dama cikinmu abincinsu a jikin wuraren nan yake: masu tuƙa baƙi daga filin jirgi zuwa otal, masu aikin otal, masu aikin asibiti da ke cika lokacin hutu. Ranar Sallah a nan ba hutu ba ce. Yaro zai je Idi da safe, washegari ya koma aji inda babu wanda ya san an yi wani biki, alhali Kirsimeti wata guda ana shelarta a kowane kanti. Babu hawa, babu 'yan uwa gida-gida, babu gidan zoo da muke cika da sababbin kaya muna yara. Iyaye suka ga idan ba a yi wa yaran wani abu babba da za su riƙa jira ba, Sallah za ta zama ranar da ba ta da ɗanɗano a wurinsu. Shi ya sa wasu gidaje suke tara kuɗi tun kafin azumi, a haɗu gida uku ko huɗu a tafi tare a ƙarshen makon da ya biyo baya. Mazauna Fulorida suna da rangwame da katin shekara mai sauƙi, shi ke taimakawa. Ana barin mutum ya shiga da abincinsa, don haka za ka gan mu da dambun nama da cincin a jaka. Lokacin salla ya yi, a nemi lungu mai shiru a shimfiɗa darduma, maza su yi, mata su karɓi yara, sannan a yi musanya.

Akwai wani ɓangare a EPCOT da muka fi so, na ƙasar Maroko, wanda aka buɗe a 1984. Sarki Hassan na Biyu ne ya turo masu sana'a daga can suka yi zanen bango da sassaƙa, kuma hasumiyarsa kwaikwayon ta masallacin Kutubiyya ce da ke Marakesh. Nan na fara nuna wa yarana irin ginin da Musulmi suka iya, suka taɓa da hannunsu. A 2020 kamfanin ya karɓi ragamar shaguna da gidajen abincin ɓangaren daga hannun masu gudanar da su, kuma tun lokacin mu ma muka shiga sahun masu sa ido, muna fargabar kada a wayi gari an cika shi da 'yan tsana. Ka ga ashe abin da ka yi wa mamaki ya fara kama mu.

A cikinmu ma akwai saɓani, kada ka ɗauka baki ɗaya muke. Akwai dattijon da muke girmamawa wanda bai taɓa taka wurin ba, yana cewa almubazzaranci ne, kuɗin yini ɗaya na iyali zai ciyar da gida a Kano wata da watanni, ga kiɗa, ga shigar da ba ta dace ba. Ban taɓa iya ce masa ƙarya yake ba. Duk lokacin da na biya, sai lissafin naira ya zo mini, in tuna waɗanda ke jiran saƙona a gida. Abin da muka tsayar a gidanmu shi ne sau ɗaya a shekara, bayan an fitar da zakkar kono an aika na gida, kuma ba da bashi ba. Wasu sun fi mu zuwa, wasu sun koma kai yara bakin teku ko su yi taron gashi a filin masallaci, musamman da farashi ya yi sama. Baƙi daga Najeriya kuwa, Yaya, kusan duk wanda ya sauka gidanmu, kafin ya warware gajiya tambayarsa ita ce yaushe za a kai shi.

Babbar 'yata tana jami'a yanzu. Da ta ji za a rufe kogin nan, ta kira ni ta ce mu je kafin ranar. Na ce mata ai ba Sallah ba ce. Ta ce a saman jirgin ruwan ne Hajiya ta zauna lokacin da ta zo mana ziyara, shekara biyu kafin rasuwarta, tana riƙe da carbi tana cewa iskar wurin ta yi mata daɗi. Ni na manta, ita ba ta manta ba, tana 'yar shekara tara a lokacin. Muka je, muka hau bene na sama, ta nuna mini gefen da Hajiya ta zauna, muka yi mata addu'a a wurin. Hoton Hajiya na ranar yana cikin tsohuwar wayata, zan sa a ciro in turo maka.

A gaida Anti da yara.