Za a buɗe wurin ninƙayar makarantarmu ga mutanen gari: in yaro ya nitse, wa za a kama?

Barista, barka da aiki. Ni ce ma'ajin ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar kuɗi a nan cikin Katsina. Shekara uku da suka wuce mai makarantar ya ce zai gina wurin ninƙaya don a koya wa yara iyo. Aka yanka wa kowane ɗalibi naira 15,000, muka biya har zango biyu. An gina, yara sun yi murna. Yanzu ya ce kuɗin dizal da maganin ruwa da gyaran injin sun fi ƙarfinsa, don haka zai riƙa buɗe wa mutanen gari Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kowa ya biya 2,000 a bakin ƙofa. Ya ce ƙungiyarmu ce za ta riƙa karɓar kuɗin, har ya kawo takarda mu sa hannu, ni da shugabanmu. Da na tambaye shi wa zai lura da masu shiga, sai ya ce ai ga maigadi nan, kuma za a kafa allo a rubuta cewa duk wanda ya shiga ruwa shi ya jiyo. Hankalina bai kwanta ba. Muna da ikon hana shi, tunda da kuɗinmu aka gina? In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wa za a kama? Daga wata uwa, Katsina.

Hajiya, barka kadai. Takardar nan kada ki sa mata hannu tukuna, ki kuma faɗa wa shugabanku ya dakata.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce mai nauyi. In mutum ya ji rauni ko ya rasa ransa a wuri irin wannan, kotu takan duba wanda wurin ke hannunsa a lokacin: wa ke riƙe da makulli, wa ke cewa wane ya shiga wane ya tsaya, wa ke karɓar kuɗin ƙofa. Ba lallai sai mai filin kaɗai ba. Yau mai makaranta ne ke ɗauke da wannan kaya shi kaɗai. Ranar da kuka fara yanka tikiti da sunan ƙungiyarku, kun kama masa gefe ɗaya na kayan. Sannan mafi yawan ƙungiyoyin iyaye da na sani ba su da rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, irin wadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada. In taku ma haka take, doka ba ta ɗauke ta a matsayin wata aba mai cin gashin kanta da za a kai ƙara da sunanta ba. Sammaci sunan mutum zai nema, sunan da ke ƙasan takardar kuwa naki ne. Kuɗin a ƙarshe dizal ɗin makaranta za su saya. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Asalin wannan alhaki tsohuwar ƙa'ida ce da kotunanmu suka gada. A 1932 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke hukunci a ƙarar wata mata 'yar Sikotland da ta ce ta sami ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar lemon da aka saya mata. Daga nan aka kafa cewa duk wanda ya san aikinsa na iya cutar da wani, wajibi ne ya yi taka-tsantsan irin na mai hankali, in ya yi sakaci ya biya diyya. Har gobe da wannan ma'auni babbar kotun jiha za ta auna ku. Mu a nan ma ba baƙon zance ba ne. Imamu Malik ya ce wanda ya sa yaro ya shiga rijiya ko ya hau dabino, yaron ya halaka, to lamuni na kan wanda ya sa shi. Na san abin da za a ce a wurin zaman makoki: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, alƙali ma ya yarda da ƙaddara. Amma zai tambaya ko akwai wanda aka ajiye ya zuba wa ruwan ido a wannan sa'ar, in akwai, ina yake tsaye.

Nan ne maganar maigadi ta rushe. Maigadi idonsa na kan ƙofa da babura. Mai nitsewa kuma ba ya ihu kamar yadda mutane ke zato; bakinsa na neman numfashi ne, ba shi da sararin kiran kowa. Yaro sai ya sulale ƙasa shiru a tsakiyar mutum talatin suna wasa da ruwa, cikin 'yan mintoci an gama. Ki kwatanta darasin makaranta, inda malami ya san yaransa ashirin da sunayensu, ya san wanda ya iya da wanda bai iya ba, da wata Asabar ta watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, samari sun zo da ƙannensu a bayan babur, babu wanda ya san iyawar kowa. Ruwan ɗaya ne, haɗarin ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nitsewa na cin rayuka kusan 300,000 a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Mu da muke jin labarin kududdufai kowace damina ba ma buƙatar a tuna mana.

Allon da zai kafa fa? Yana da ɗan amfani, don gargaɗi na cikin taka-tsantsan. Sai dai ba ya wanke sakaci. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, ta 2018, ta hana mai sana'a gindaya sharaɗin da zai kuɓutar da shi daga asarar da mummunan sakacinsa ya jawo, kuma duk wanda ya biya 2,000 ya shiga, mai saye ne a idon wannan doka. Yaro ɗan shekara tara kuwa ba ya yafe haƙƙinsa ta hanyar karanta allo, ko da ya iya karatun. Haka in ma'aikaci ya yi sakaci a bakin aikinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ne ke biya. In har an rasa rai, maganar na iya wuce diyya, don dokar laifuffuka ta tanadi hukunci kan wanda gangancinsa ko sakacinsa ya jawo mutuwar wani. Ki lura da katanga ma: yaron unguwa da ya ga ana wanka ranar Asabar zai iya haurowa ranar Talata da yamma, kuma kotu ba ta ɗaukar yaron da ruwa ya ja hankalinsa kamar babban da ya yi kutse.

Akwai abin da nake zaton mai makarantar bai ambata muku ba, wato inshora. Tun dokar inshora ta 2003 aka wajabta wa gine-ginen da jama'a ke shiga don karatu ko shaƙatawa su yi inshorar da za ta biya wanda ya cutu a ciki, sabuwar dokar 2025 ma ta riƙe wannan wajibci. Ki nemi ganin takardar inshorar makarantar da idonki. In babu, kin ga inda aka dosa. In akwai, a rubuta wa kamfanin a sanar da shi za a fara shigo da mutanen waje don kuɗi, ya amsa a rubuce, domin inshorar da aka yanka don ɗalibai na iya ƙin biyan baƙo. Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai ta takaful, wato inshorar da ke bin tsarin Musulunci. Ya kuma duba takardar mallakar filinsa: in an ba shi ne don makaranta, mayar da wani sashe wurin kasuwanci na iya buƙatar izini.

To, kuɗin da kuka tara. Nan zan faɗa miki abin da ba zai yi miki daɗi ba. A ƙa'ida, abin da aka gina a kan fili na mai filin ne, ko da aljihun wani aka yi. Wurin ninƙayar ba naku ba ne. Abin da kuke da shi alkawari ne: an karɓi kuɗinku a kan cewa 'ya'yanku za su amfana. Ƙarfin wannan alkawari ya danganta da abin da ke rubuce. Ki tattaro rasit, da takardar da aka raba wa iyaye lokacin, da bayanin taron da aka amince, har saƙonnin WhatsApp na dandalin iyaye. In an rubuta cewa na ɗalibai ne kaɗai, kuna da abin riƙewa. In ba a rubuta ba, kotu ba za ta hana mutum juya dukiyarsa ranar da ba a karatu ba, sai dai in kun nuna cewa hakan na tauye wa yaranku lokacinsu ko yana sa lafiyarsu a haɗari, misali ruwan da mutum ɗari suka shiga ranar Lahadi shi 'yan aji ɗaya za su shiga ranar Litinin.

Ni a ganina kotu ba ita ce ƙofar farko ba. Za a iya neman umarnin dakatarwa, amma shari'a na cin kuɗi da lokaci, yaranku kuma suna zaune a ajin mutumin da kuka kai ƙara. Ga shi kukansa ba na ƙarya ba ne. Ruwan ninƙaya sai injin tacewa ya yi ta juya shi kullum, wuta ba ta zama, dizal ya yi tsada. In kuɗi suka yanke, abin da zai biyo baya shi ne koren ruwa mai gansakuka da sauro a tsakiyar makaranta, wanda shi ma haɗari ne.

Don haka ku rubuta masa wasiƙa da sunan ƙungiya, ku ajiye kwafi da shaidar ya karɓa. Ku ce ba ku ƙi a buɗe ba, amma makaranta ce za ta karɓi kuɗin da sunanta, a asusu na daban da za a riƙa nuna muku lissafinsa kowane zango, kuma yarjejeniya ta faɗa ƙarara cewa ƙungiyar iyaye ba ta cikin masu gudanarwa. Ku nemi a ɗauki mai ceto wanda ya iya ruwa, ya kuma iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya ɗauke, ba shi da wani aiki sai kallon ruwa. A ƙayyade yawan masu shiga a lokaci guda, a rubuta zurfin kowane gefe, a ja igiya tsakanin wurin yara da mai zurfi, kada ƙaramin yaro ya shiga sai da babba nasa, a kulle shinge in an tashi. A ware lokacin maza da na mata, wannan ko ban faɗa ba kun sani. A kuma ajiye littafin da ake rubuta awon kulorin, wato maganin ruwan, kullum. Abin da aka saba bi shi ne miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Littafin nan ne zai tsaya wa makarantar shaida ranar da wani ya ce ruwan ya ba ɗansa ciwon ido ko gudawa.

In ya ƙi, ku kai koke a rubuce ga ma'aikatar ilimi ta jiha, wadda ita ke ba makarantu masu zaman kansu izini, ko ku nemi zaman sulhu a gaban wanda yake jin nauyinsa. Ke kuma kina da damar rubuta cewa ba ki yarda ɗanki ya shiga ruwan ba har sai an gyara. Ga masu irin wannan matsala a makarantar gwamnati, ku sani ƙarar jami'in gwamnati galibi wa'adin wata uku gare ta, kada a zauna jiran a gama ta'aziyya da ban-baki har lokaci ya ƙure.

Kafin taronku na gaba, ki je wurin da rana tsaka ki tsaya a gefen da ya fi zurfi. In ba ki iya hango murfin magudanar da ke can ƙasa ba, to mai ceto ma ba zai hango yaron da ke kwance a wurin ba. Ki ɗauki hoto ki haɗa da wasiƙar. Takardar da ya kawo muku kuma ki kai wa lauya ya karanta ta layi-layi, tare da rasit ɗin nan na zango biyu.