Tsohon mijina ya ɗauke 'yata daga Islamiyya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce a Argungu. Bara muka rabu da mijina, 'yarmu mai shekara 5 tana hannuna, kuma ban yi wani aure ba. Ranar Asabar ya je Islamiyyarsu ya ce wa malam takalmi zai sayo mata, ya tafi da ita, har yau shiru. Wayarsa a kashe take. Ƙanwarsa ta raɗa min cewa wajen Kamba ya nufa. Mahaifiyarsa kuwa cewa ta yi uba ba ya satar ɗansa. Yarinyar tana da asma, maganinta ma yana ɗakina. Kawuna ya ce in yi haƙuri, in ta girma za ta nemo ni. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya dawo miki da ita lafiya. Asmar nan ce ta fi tayar min da hankali. Yau ɗin nan ki kai wa ƙanwarsa maganin, ki nuna mata yadda ake ba ta, ki roƙe ta don Allah ta san hanyar da zai isa. Tunda ta gaya miki Kamba, ta san fiye da haka. Ki riƙe ta da kyau, kada ki tona ta a gaban danginsu.

Kawu yana nufin alheri, amma ban goyi bayansa ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Kebbi suke hukunci da ita, riƙon yaro bayan rabuwa na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mata ta kawo wa Annabi (SAW) irin kukanki, ya ce mata ita ta fi cancanta da yaron matuƙar ba ta yi aure ba. Ko da kin yi auren, mahaifiyarki ce ke biye, ba uban ba. Shi nasa ciyarwa, tufatarwa, magani da kula da tarbiyya, kuma ba mai hana shi ganin 'yarsa. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya yaudari malami ya ɓoye yarinya.

Kada ki jinkirta. Kamba a bakin iyaka take, Gaya ta Nijar tana kusa, in ya tsallaka da ita sammacin alƙalinmu ba zai iske shi can ba. Ki je ofishin 'yan sanda da yayanki ko kawun, ku kai rahoto da hotonta na kwanan nan, kayan da ke jikinta ranar, da bayanin ciwonta. Daga nan ki shigar da ƙarar riƙo a kotun shari'a, da takardar saki da ta haihuwarta. Malamin Islamiyyar shaidarki ne, ki lallaba shi, mai yiwuwa shi ma kunya ta ishe shi. In babu kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna taimaka wa marasa hali. Mai unguwarku kuma zai iya isar da magana ga masu sarautar can, sau da yawa su suka fi saurin gano baƙo.

Ki shirya wa abu ɗaya. Zai iya cewa ƙaura ya yi ta dindindin, domin malamanmu sun ba uba damar neman tafiya da ɗansa in zai koma gari mai nisa da zama, kuma hanya da garin suna da aminci. Wannan alƙali ne zai auna, har da lafiyar yarinyar, don haka ki tafi da katinta na asibiti.

In an gano inda take, kada ki tura 'yan'uwanki su ƙwato ta da ƙarfi. Za a firgita yarinya mai ciwon numfashi, kuma a ba shi hujja a kanki. Ki sanar da kotu, a je da umarninta.