Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ke kwance a asibitin yara ba a yi mata bayani ba

Salamu alaikum 'yar uwa, sannu da jinya, Allah ya ba yaron nan lafiya ya sa kaffara ne. Na ga abin da kika rubuta, kin ce ɗanki ɗan shekara biyu yau kwana huɗu yana kwance da zazzaɓi da jijjiga, kullum sai dai a miƙo miki takarda a ce je ki sayo, ba wanda ya tsaya ya ce miki ga abin da ke damunsa, da kika tambayi nas ɗin dare ma tsawa ta daka miki, yanzu kuma maigidan ya ce ki sa hannu ku ɗauke shi ku koma gida ko ku tafi asibitin kuɗi, kina tambaya ya za ki yi. Ni uwar mai sikila ce, kwanan asibiti ya zame mana jiki, tabarmata da filas da bokitina a ɗaure suke kullum, shi ya sa na ce bari in ɗan ce wani abu duk da dai ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce.

Da farko dai dan Allah kar ki sa hannun nan cikin fushi. Ki lallaɓa baban yaro ya ba ki ko zuwa gobe da safe. Dalili kuwa, yaro mai zazzaɓi da jijjiga yawanci abu biyu likitoci ke tsoro, maleriya mai tsanani ko sanƙarau, kuma dukkansu maganinsu na da lokaci ba a yanke shi a tsakiya. Allurar maleriyar nan atesunet ana yin ta farko, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24, daga nan in yaro ya fara iya sha sai a mayar da shi kan na haɗiya na kwana uku. In kuwa sanƙarau suke zargi to allurar jijiya ce ta kwanaki, tana kai mako ɗaya har ta wuce. Kin ga in kika ɗauke shi ba takarda ba komai, inda za ki je daga farko za su fara, sabon kati sabon awon jini sabon kuɗi, yaro kuma ya yi tsallaken allura. Kuma wannan takardar da ake ba ki ki sa wa hannu ma'anarta kin tafi ba da yardar likita ba, duk abin da ya biyo baya a wuyanki yake.

Amma fa ba ina cewa ki yi shiru ki zuba ido ba ne. Wallahi abin da ya fi ci min rai a ɗakin yara ba rashin gado ba ne ba kuma tsadar magani ba, a'a, ka zauna gaban ɗanka kana kallonsa ba ka san me ake yi masa ba, an zo an ɗebi jini an tafi, an zo an rataya ruwa an tafi, an yi turanci a kanka an wuce gado na gaba. Uwa in ta san abin da ake ciki tana iya jure komai, rashin sani ne ke sa mutum ya fara zargin kowa.

Abin da na lura da shi shi ne yawancinmu ba mu san wa za mu tambaya ba, kuma ba mu san lokacin tambaya ba. Duk mai farar riga likita muke ce masa. Nas aikinta ba da magani a kan lokaci, duba zafin jiki, kula da ƙarin ruwa da kanula, wato 'yar robar da ake sa wa a jijiya, sau da yawa ko ta san ciwon ba za ta faɗa ba, cewa za ta yi jira likita. Ƙaramin likitan da kike gani yana ta zirga-zirga da fayil, wanda ke neman jijiya yana rubuta takardar gwaji, galibi sabon gama makaranta ne yana shekarar koyon aiki, sama da shi akwai masu neman ƙwarewa, sama da su kuma babban likitan yara wanda shi ne mai yanke magana. To babban nan ko na ƙasa da shi da safe suke zagayen marasa lafiya, kuma a wannan zagayen ne ake yanke komai, a canza magani, a ce a ƙara jini, a ce sallama. Sai ki ga daidai lokacin uwa ta tafi wanke kayan yaro ko ta fita sayo koko, an bar ƙanwa 'yar shekara goma sha a bakin gado, likitoci sun zo sun wuce, ta dawo ta ce me suka ce, yarinya ta ce sun dai duba shi. Shike nan an rasa ranar sai gobe.

Don haka gobe ki gama wanki da wanka tun asuba, ki zauna daram a bakin gadon. In suka iso kansa ki bari su gama maganarsu, kafin su ɗaga ƙafa ki ce likita dan Allah ina da tambaya, ki yi min da Hausa. Kar ki tsaya dogon labari don ba su da lokaci. Me kuke zaton yana damunsa? Gwajin da aka yi me ya nuna, wanne ne bai fito ba tukuna? Wannan allurar ta mece ce kuma sau nawa a rana? Wace alama in na gani zan kira ku da gudu? In babban bai jin Hausa ki ce a cikinsu wani ya fassara, ba a rasa mai ji. Ni ban taɓa ganin babban likitan da aka yi wa tambaya a nutse a gaban ɗalibansa ya ƙi amsawa ba, hasali ma wani zai juya ya tambayi ƙananan me ya sa ba a yi wa uwar bayani ba.

Sannan ki samu ɗan littafi ko da na 'yan makaranta ne da biro. Ki rubuta sunan kowane magani yadda yake a jikin kwali, ƙarfe nawa aka yi allura, sau nawa ya yi jijjiga kuma ta ɗau kamar minti nawa, ya yi fitsari ko bai yi ba, ya sha nono ko kunu ko ya amayar. Rasit kuma kar ki yar ko ɗaya. Wannan littafin ya sha fitar da ni, saboda ma'aikata canji suke yi, na safe daban na rana daban na dare daban, wani lokacin a wajen miƙa aiki magana ke faɗuwa. In kika ce sista allurar ƙarfe goma ba a yi ba yanzu sha biyu ta wuce, kina nuna rubutu, ba wanda zai ce miki ƙarya kike. In ba kya rubutu ki yi ta ɗaukar muryarki a waya, kwalin magani kuma ki ɗau hotonsa. Sai dai kar ki ɗauki hoton ma'aikata ko yaran mutane, wannan rigima ce za ki janyo wa kanki.

Wani abin kuma da ba a gaya mana, akwai gwajin da dole sai an jira. Na maleriya da na yawan jini, wanda za ki ji suna cewa PCV, a ranar ake samu. Amma wanda ake shuka jinin a ga wace ƙwayar cuta ce za ta tsiro yana ɗaukar kwanaki, to kafin ya fito suna ba da maganin da suke ganin zai rufe ko'ina. Ƙila shi ya sa ba a ba ki suna ɗaya ba har yanzu. Amma ai ko wannan ɗin sai a faɗa wa mutum, a ce Hajiya muna zargin kaza da kaza muna jiran sakamako, minti nawa zai ci?

Rashin bayanin nan shi ke sa iyaye ƙin abubuwan da za su ceci yaro. Na ga uwa ta cire wa ɗanta robar oksijin da hannunta saboda an ce mata duk yaron da aka sa wa ba ya tashi, alhali yaron da ya riga ya galabaita ne ake sa wa, ba iskar ce ke kashewa ba. Haka robar hanci ta ba da abinci, haka ɗiban ruwan baya da mutane ke cewa yana gurgunta yaro, alhali da shi ake tabbatar da sanƙarau, kuma sanƙarau ɗin da ba a kama da wuri ba shi ke barin yaro da kurumta ko nakasa. In suka ce za su yi masa ɗaya daga ciki ki ce a yi miki bayani, haƙƙinki ne, amma kar ki ƙi don maganar 'yan dubiya. Su 'yan dubiya Allah ya saka musu da alheri, amma kowa da fatawarsa, wannan ta ce iska ce wannan ta ce a kai shi wajen mai magani, wata ma ta zo da jiƙo a gora ta ɗura masa a ɓoye. Yaron da bai cikin hayyacinsa ba a ɗura masa komai ta baki, shaƙewa zai yi ya tafi huhu. In kuma an riga an ba shi wani abu a gida kafin ku zo ki faɗa wa likita gaskiya ko zai yi faɗa. Kuma ku tsayar da mutum ɗaya mai magana da likita, ke ko babansa, ba kawu ya zo ya tambaya gwaggo ta zo ta tambaya kowa ya tafi da nasa labarin ba.

Akwai kuma lokacin da ba a kunya ba a kara. In jijjiga ta dawo, ko numfashi ya yi sauri kina ganin ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko kin tashe shi ya ƙi tashi, ko fitsari ya koma kalar shayi, ki tashi ki je teburinsu ki tsaya, ba za ki bar wajen ba sai an biyo ki. Haka wajen kanula, ki riƙa dubawa. Akwai daren da ruwa ya bar jijiya yana shiga naman hannun 'yata, hannun ya kumbura sumtum kamar fanke, filasta har ta shige cikin fata, tana ta kuka ana cewa ciwonta ne na sikila. Sai da na ɗaga hannun a gaban nas na haska mata da fitilar waya sannan ta rufe ruwan ta cire. Yaro ba zai iya cewa ga inda ke min zafi ba, ke ce bakinsa.

Maganar tsawar da aka yi miki kuwa, ba daidai ba ne ko kaɗan, kar wani ya ce miki ai haka asibitin gwamnati yake. Na san suna cikin matsi, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka lokacin da maleriya ke kwasar yara har ka ga biyu uku a gado ɗaya, ga ma'aikata na ta ficewa waje, shi kansa ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 ne suka bar Najeriya cikin kimanin shekara biyar. Na ga nas ɗin da ta kwana a tsaye ko zama ba ta yi ba, na ga wadda ta cire kuɗin aljihunta ta saya wa yaron wata sirinji. Amma gajiya ba ta halatta wulaƙanci. Kuma doka na bayanki, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce dole ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki da irin maganin da za a yi da haɗarinsa da kuɗinsa, in da hali da yaren da yake ji, ta kuma hana a ƙi karɓar wanda aka kawo cikin gaggawa. A 2018 ma an ƙaddamar da takardar haƙƙoƙin marasa lafiya, Osinbajo ne ya ƙaddamar lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, za ki gan ta manne a bangon wasu asibitocin sai dai da turanci, wa ya tsaya karantawa.

In za ki kai ƙara kar ki yi cacar baki da wadda ta yi miki, ballantana cikin dare ɗanki na hannunta. Ki riƙe rana da lokaci, da safe ki nemi shugabar nas-nas ta ɗakin, ki gaishe ta ki ce Anti ga abin da ya faru jiya da misalin ƙarfe kaza. Yawanci a nan ake kashe magana, kuma za ki ga canji. In ba a yi komai ba akwai ofishin babbar metiron, shugabar nas-nas ta asibitin gaba ɗaya, a asibitocin tarayya kuma akwai teburin SERVICOM na karɓar koke. In kuɗin magani ne ya fi ƙarfinku ki tambayi ofishin jin daɗin jama'a na asibitin, manyan asibitoci na da shi, ba kullum ake dacewa ba amma ana samu. Ki kuma riƙa tambaya ko maganin da aka rubuta akwai shi a famasin ciki kafin ki fita kemis ɗin bakin ƙofa.

To in bayan duk wannan hankalinku bai kwanta ba kuna son canza wuri, ba laifi ba ne, ɗanku ne. Amma ku yi shi da tsari, ku ce wa likita a rubuta muku takardar tura mara lafiya mai ɗauke da abin da aka gano da magungunan da aka ba shi da lokacin allurar ƙarshe, ku karɓi sakamakon gwaje-gwajenku tunda da kuɗinku aka yi. Baban yaro kuma ya fara zuwa can shi kaɗai ya tambaya, suna da likitan yara da ke kwana, suna da oksijin, in jini ya yi ƙasa suna iya ƙarawa a daren? Don ƙananan asibitocin kuɗi da yawa in abu ya yi tsanani can inda kuka baro za su sake turo ku, ku dawo gadon ma an ba wani.

Ki ci abinci dan Allah ko ba kya so, ki samu wadda za ta karɓe ki ki ɗan runtsa da rana bayan likitoci sun wuce. Gobe in kin yi magana da su ki dawo ki faɗa mana me suka ce da sunan allurar da ake yi masa, akwai ma'aikatan lafiya a cikinmu da za su ƙara fayyace miki. Allah ya tashi kafaɗunsa.