Keken Baba Ba Ya Shiga Banɗaki

Tambaya: Malam, mahaifina yana kan keken guragu, muna haya a Aboabo, Kumasi. Za mu nemi tallafin naƙasassu na Common Fund, asusun da gwamnatin Ghana ke raba wa gundumomi. Wane gyara na gida za mu fara lissafawa?

Amsa: 'Yar'uwa, fara auna ƙofar banɗaki. Ya kamata faɗinta ya kai santimita 90, in ta yi ƙunci keke na iya maƙalewa. Dakali kuwa, duk tsayin santimita 10 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 120. Magina sukan rage tsawon gangarar don tsimin siminti, sai keke ya nemi kifewa da mutum. Ƙarfen riƙewa a kafa shi cikin bulo sosai, filasta ba ta ɗaukar nauyi. Ki haɗa yardar mai gida a rubuce, hotuna da ƙiyasin magini, ki kai ofishin jin daɗin jama'a (Social Welfare) na gundumarku.