Amsa ga ɗan'uwan da hotonsa mai motsi ya yi nauyi

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa hoto mai motsi na Barka da Sallah a waya, amma ya yi nauyi har 'yan gida a Daura sun kasa buɗe shi, launin sararin sama kuma ya fito layi-layi. Kana tambaya ko ka canza manhaja. A ganina kada ka canza tukuna. Kaya ka yi masa da yawa.

Shekara huɗu ke nan ina wannan aiki a nan Katsina, yawanci katin ɗaurin aure da tallan masu atamfa. Na farkon da na yi doki ne na hawan sallah, ga lifidi, ga 'yan kallo a baya kowa yana motsi. Kwana uku na kwashe a kansa. Da na tura, mutum biyu kawai suka buɗe, sauran suka ce ba za su ƙarar da datarsu a kan hoto ɗaya ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma gaskiyarsu ce.

GIF, wato tsarin da ake adana irin wannan hoto mai motsi a kai, tsohon tsari ne, kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da shi tun 1987. Launi 256 kawai yake ɗauka a firam guda, wato kowane ɗaya daga cikin hotunan da ake jerawa su ba da motsi, kuma ba ya ɗaukar sauti. Shi ya sa samanka da ya taso daga ja ya narke cikin shuɗi ya fito kamar saƙar tabarma. Ka zaɓi launi biyar ko shida, kowane ya zauna a wurinsa ba cakuɗawa. Nauyi ma zai ragu.

Sannan abin da na fi so ka riƙe: duk abin da bai zama dole ya motsa ba, ka bar shi tsaye. Wanda na yi bara, hasumiyar Gobarau na zana a leya guda, wato shimfiɗar zane tata ita kaɗai, ban ƙara taɓa ta ba. Jinjirin wata ne kaɗai ke leƙowa ta bayanta, sai taurari uku suna ƙifce. Firam 12 a daƙiƙa, tsawon daƙiƙa biyu, zane 24 ke nan. Sinima 24 take gudu a daƙiƙa, amma masu zanen hannu da yawa sukan bar zane ɗaya ya ci firam biyu, kuma ido ya gamsu. Ka kula firam na ƙarshe ya dawo kusa da na farko, in ba haka ba duk zagaye sai ka ga hoton ya zabura.

A waya manhajar zane FlipaClip ta wadatar, sai dai ta kyauta tana manna tambarinta. Ka kunna abin nan da ke nuna maka inuwar zanen baya, shi zai hana watan naka rawa. In kana da kwamfuta, manhajar Krita kyauta ce. Bayan ka fitar, ka kai shi shafin intanet na ezgif ka rage faɗinsa zuwa piksel 480, wato ɗigon da ake auna girman hoto da su.

In WhatsApp ne kawai, ka fitar da shi a MP4, wato tsarin bidiyo. Ya fi sauƙin nauyi, launi bai lalacewa, kuma bidiyon da bai wuce daƙiƙa shida ba akwai maɓallin da zai mai da shi GIF kafin ka tura.

Don Allah ka duba rubutun da kyau. Salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai su sa ɗan akwati a wurin. Na taɓa miƙa katin biki haka, sai da uwar amarya ta kira ni.

Ka rage shi, ka gwada a tsohuwar wayar wani a gida, sannan ka turo nan in duba maka.