Amsa kan kalmar "discord"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko "discord" da "disagreement" abu ɗaya ne, tunda kin ga ana fassara su duka da saɓani. Ba ɗaya ba ne. Na daɗe ina aikin fassarar labarai a gidan rediyo, kuma nan ne sababbin ma'aikata suka fi yin tuntuɓe.

"Disagreement" saɓanin ra'ayi ne kawai. Ku yi musu, kowa ya tsaya kan bakansa, anjima ku ci tuwo a kwano ɗaya. Ita kuwa "discord" sai zama ya yi tsami ake kiranta. Asalinta daga Latin ne, "dis" rabuwa, "cor" zuciya, wato zukata sun rabu. Kishiyarta ita ce "concord", sunan da marigayi MKO Abiola ya sa wa jaridarsa a 1980.

Shi ya sa idan rahoto ya zo da "discord within the party" ba na yarda a rubuta saɓani, don an rage wa labarin nauyi. Cewa nake ɓaraka ta kunno kai a jam'iyyar. In kuma "marital discord" ce, rashin jituwa ne tsakanin ma'aurata. Kin san irin gidan nan da ba a jin hayaniya, amma maigida sai ya aiki yaro ya faɗa wa matarsa magana alhali tana zaune a tsakar gida, a ajiye masa abinci har ya huce bai taɓa ba. To wannan ita ce.

Za ki yawaita ganin "sow discord", wato raba kan jama'a, aikin mai haɗa husuma. Akwai kuma "apple of discord", daga tatsuniyar Girkawa: aka jefa tuffar zinariya tsakanin alloli mata uku, an rubuta a jikinta cewa ta wadda ta fi kyau ce, rigimar ta kai har yaƙin Troy. Ma'anarta silar faɗa, kamar gonar gado.

Wajen rubutu ki ce "discord between" ko "discord among", kada ki sa mata "a" a gaba a wannan ma'anar. Kalmar jarida ce da jawabi, ba kasafai ake jinta a hirar yau da kullum ba. Makaɗa ma suna kiran sautin da bai dace da ɗan'uwansa ba da ita. In kuwa ƙannenki ne kika ji suna ambaton Discord, manhajar hira ce ta masu wasannin kwamfuta da ta fito a 2015.